Baƙar Motar Ɗaukar Amare

Rushan, 26 ga Maris

Uwar Panpan,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata sanyin Hokkaido, can Japan, ya fara sassauta miki, kuma tsagewar hannun nan da kika faɗa ta warke. Mu duk muna lafiya. Mama tana cin abincinta sosai, kunnen ne dai ya ƙara nauyi, yanzu sai ka tsaya a gabanta ta kalli bakinka. Panpan ta zo hutun ƙarshen wata daga makarantar kwana, ta sa tsohuwar rigar sanyinki ta yi mata daidai.

Ki samu wuri ki zauna kafin ki karanta sauran.

A wasiƙarki ta Sabuwar Shekara kin ce in nemo mana abin da zai riƙe mu idan kwangilarki ta masana'antar kifi ta ƙare baɗi, tunda kamfanin siminti ya sallame mu direbobi. To na nemo. Na sayi mota. Ƙirar Jamus ce, baƙa wuluk, doguwa, irin wadda ake sawa a gaban jerin motocin amarya. Ta Maigida Cao ce mai gonakin kifi na bakin teku, ya yi sabuwa ya sakar mini wannan. Shekararta goma sha ɗaya, amma in kin rufe ƙofarta sai ki ji kamar an rufe akwatin banki. Kujerun fata ne, har ɗumi suke yi da kansu.

Kin san yadda garin nan ya koma. Ba uban da zai yarda a ɗauki 'yarsa a ƙaramar mota, kuma irin wannan guda uku ne kawai a duk gundumar. Ranar Lahadi na yi bikina na farko. Kuɗin safiya ɗaya ya kusa rabin albashina na da, ga jan ambulan na kuɗin tukwici, ga taba, ga alewa da na kawo wa Mama.

Ba zan ɓoye miki ba, yawancin abin da kika turo cikin shekara biyun nan ya tafi a kanta. Na kai ta wurin Tsoho Tan bakanike ya duba. Ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya goge hannu ya ce, "Dehai, injin nan zai binne ni da kai. Amma irin wannan ba sayenta ne aiki ba, ciyar da ita." Na ce masa ai ita za ta ciyar da mu. Ga hotonta nan tare da ni. Kwat ɗin aro ne, kada ki ce na sayi kwat ma.

Mijinki,
Miao Dehai


Hokkaido, 19 ga Afrilu

Baban Panpan,

Na samu wasiƙarka. Ina lafiya, hannun ya yi sauƙi, ƙanƙara ta fara narkewa a bakin hanya. Ka gaida Mama, ka ce mata ta daina wanki da ruwan rijiya. Ka ce wa Panpan rigar aro ce ba kyauta ba.

Na zauna kamar yadda ka ce, kuma gara da na zauna. Abin da zai riƙe mu da na faɗa, rumfa nake nufi. Ƙaramar rumfa a kasuwar safe, ni ina dafa taliya kai kana miƙa kwano. Ban san kalma ɗaya za ta iya fitar da taya huɗu ba. Na kwana biyu ban iya rubuta maka ba, don duk na ɗauki biro sai in ga kowace ƙofa ta motar nan wata huɗu ne na tsayuwata cikin ruwan ƙanƙara ina fasa cikin kifi.

Na nuna wa Iya Kudo hoton, tsohuwar da ke kula da layinmu a masana'anta. Ta daɗe tana kallo ta ce ƙanin mijinta ya taɓa riƙe irinta, mota ce mai kyau, sai dai ta fi sanin hanyar gareji da ta gida. Yaya Hong ta ɗakinmu kuwa cewa ta yi, "Yuzhen, ashe matar babban mutum ce ke, kika bar mu muna raba man shafawa da ke." Har yanzu tsokanata suke.

Gaskiya ka yi kyau a hoton. Rabona da in ga ka tsaya a miƙe haka tun kafin a sallame ku. Wannan ne ya sa na kasa yin fushin yadda na so.

Amma ka gaya mini: wa ke sayar da kayan gyaranta? In ta lalace ana gobe biki, ya za ka yi? An riga an saya, ba zan ce komai ba. Abu ɗaya kawai, ba na so in dawo in tarar da ita a ajiye a ƙofar gida.

Matarka,
Cong Yuzhen


Rushan, 11 ga Yuni

Uwar Panpan,

Ina gaishe ki, ina fata kina lafiya. Mama lafiya lau. Ta samu sabon aiki, kullum da safe sai ta fito da tsumma ta goge motar, kuma ta kori kajin maƙwabta in sun matso. Ranar da ba ni da biki takan shiga baya ta yi barcin rana, ta ce ya fi gadonta laushi. Panpan ta ci jarrabawar tsakiyar zango, lissafi ne kawai ya ɗan ja ta baya.

Watan Mayu ya yi kyau. Har na ƙi karɓar wasu bukukuwan don ranaku sun haɗu. Akwai daɗin aikin nan da ban zata ba. Kowace safiya da na fita, gidan farin ciki nake zuwa. Amare suna kuka daga ƙofar gidansu zuwa gadar garin, daga nan sai su fara tambayata ko hodarsu ta ɓaci.

Sai dai maganar Tsoho Tan ta fara fitowa. Gilashin baya ya sauka ya ƙi hawa, ana ruwa. A motar siminti da hannu nake murɗawa, wannan kuwa ƙaramin inji ne a cikin ƙofa, sai daga Qingdao aka kawo shi. Bayansa wani mai babur ya goge mini fitilar gaba, fitila ɗaya ta cinye biki biyu. Sannan lagireto ya fara ɗiga. Kaya na asali tsada, na kwaikwayo kuma ba ya kai wata. Tsoho Tan yanzu in ya hango ni dariya yake, ya ce wa matarsa, "Sayi nama, ga Dehai nan." Amma yana sassauta mini, kuma ya samo wani ɗan gwangwan a kudu mai kwance irin waɗannan motoci, yana aiko mana da kayan hannu. In an cire gyara, abin da ya rage ba ya kai abin da na yi tsammani, amma ya fi zaman banza, kuma ban taɓa ko kwabo a ɗan abin da ya rage na ajiyarki ba.

Na karanta layin ƙarshe na wasiƙarki sau da yawa. Na gane. Kuɗinki ne, kuma ban yi shawara da ke ba. In kin ce kada ki same ta a ƙofar gida, ba za ki same ta ba. Alfarma ɗaya nake nema, ki bar ni zuwa watan Oktoba. Yayanki ya sa bikin 'yarsa Chunni ranar biyu ga wata, kuma na riga na yi masa alkawari ni zan ɗauke ta. Bayan nan sai in nemi mai saye.

Ki amsa mini ko da layi biyu ne.

Dehai


Rushan, 8 ga Satumba

Uwar Panpan,

Da fatan kina lafiya. Mu lafiya, an fara cire gyaɗa, tuffa ta yi kyau bana. Tun wasiƙata ta Yuni ban ji daga gare ki ba. Na tambayi mai kawo wasiƙu har ya fara canza hanya in ya gan ni. In rashin lafiya ne ki sa Yaya Hong ta rubuto. In fushi ne, to na karɓa.

Na samu mai saye. Gong ne, mai gidan wankan nan na bayan tasha, yana so ya ajiye ta a gaban ƙofarsa don masu shiga su gani. Rabin abin da na saya ya taya, kuma ban samu wanda ya fi shi ba. Mun yi da shi zai zo bikin Chunni, tunda dangin ango ne, ya gan ta a hanya, washegari mu je a canza takardu. Na kuma je kasuwar safe na tambayi kuɗin rumfa. Akwai guda kusa da masu tofu, wato awara, da za ta fita a ƙarshen shekara.

Ban gaya wa Mama ba tukuna.

Dehai


Hokkaido, 24 ga Satumba

Baban Panpan,

Ina lafiya, kada ka tayar da hankalinka. A watan Yuli wuƙa ta yanke ni a babban yatsa aka yi mini ɗinki, ban iya riƙe biro ba, kuma ban so in sa wata ta rubuta maka abin da ke tsakaninmu. Yana warkewa kifi ya shigo, muna tsaye tun fitowar rana har faɗuwarta, in na dawo ɗaki da takalmi nake barci. Na yi ta cewa gobe. Wannan laifina ne.

Wasiƙarka ta Yuni a gajiye na karanta ta, na ɗauka shagwaɓa kake yi don in lallashe ka. Sai da ta Satumba ta zo jiya na gane da gaske kake. Dehai, shekara goma sha bakwai muna tare, har yanzu ba ka iya karanta ni ba? Cewa na yi kada in tarar da ita a ajiye. A ajiye. Ma'ana ta fita ta yi aiki, kada ta zama kamar keken ɗinkin da ka saya mini da ya koma wurin ɗora tukwane. Yaushe na ce ka sayar? Kuma a rabin kuɗi, ga Gong, mutumin da ko tawul ɗin gidan wankansa ba ya canzawa.

Na sayi katin waya na kira gida da rana. Mama ce ta ɗauka. Na ce, "Mama, Yuzhen ce." Ta ce, "Ba ya nan." Na ɗaga murya na ce ni ce surukarki daga Japan. Ta ce, "Ranar a cike take, ku nemi wata motar," ta ajiye. Na sake kira ta sake kora ta, har katin ya ƙare. Yaya Hong ta yi dariya har da riƙe ciki, ni kuwa ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Ban sani ba ko takardar nan za ta riga biyu ga wata isa. In ta riga, kada ka sa hannu a komai. In ba ta riga ba, to shi ke nan, mu yi rumfar, ba zan tayar maka da maganar ba. Ka ba Chunni ambulan ɗin da ke ciki, ka ce mata gwaggonta tana tuna ranar da ta goya ta zuwa kallon jiragen ruwa.

Yuzhen


Rushan, 10 ga Oktoba

Uwar Panpan,

Wasiƙarki ta iso ranar shida ga wata, hutun ƙasa ya riƙe ta a gidan waya. Me ya sa ba ki gaya mini maganar yatsan ba? Ki kula da shi, kada ruwan gishiri ya shiga. Mu lafiya. Na karanta wa Mama wurin da kika kira, da ƙarfi a kunnenta. Ta ce ita ba ta kori kowa ba, wata mata ce mai naci ta dame ta.

Bari in ba ki labarin bikin tun daga farko.

Na tashi da wuri, masu fure suka yi wa motar ado, ja a kan baƙi, ta yi kyau har na ji ba daɗi don na san na ƙarshe ne. Yayanki ya goyo Chunni daga ɗaki har cikin mota. Motoci bakwai a bayana, Gong yana ta uku. Muka bi ta bakin teku, muka juya hanyar Nanzhai, ƙauyen ango. Mun shiga ƙauyen, ina hango ƙofar gidan da jajayen takardu, ina jin ganga, sai motar ta yi tari sau biyu ta mutu. Na murɗa makulli, tana juyawa ba ta kamawa. Na sake. Shiru.

Kin san abin da wannan yake nufi. Ƙafar amarya ba ta taɓa ƙasa, kuma canza mata mota a hanya ba abin da tsofaffi za su so ji ba ne. Ango yana gefenta ya yi fari fat. Matar yayanki ta fito daga mota ta biyu ta zo gilashina tana cewa ƙasa-ƙasa, "Dehai, ka kashe mu. Dangin miji za su riƙe mata wannan har tsufanta." Zufa ta jiƙa mini kwat ɗin aro. Ban taɓa jin kunya irin ta lokacin ba.

Chunni ce ta yi magana. Ta ɗaga mayafinta kaɗan ta ce, "Kawu, birki yana aiki?" Na ce yana yi. "Sitiyari fa?" Na ce da ƙyar, amma yana juyawa. Sai ta juya ga angon ta ce, "To kai me kake yi a zaune? Abokanka da suka sha alwashin tare mu a ƙofa su wahalar da mu, ga aiki ya same su."

Yaron ya fita ya kira su. Suka cire kwat suka dafa bayanta da gefenta. Kin san nauyin motar nan, kamar tura gida ne. Da farko nishi kawai ake ji, sai wani ya fara ba da amo irin na masu jan jirgi, sauran suna amsawa. Masu ganga da suka ga abin da ake ciki suka taho suka tarye mu, aka kunna wutar biki mai ƙara da tartsatsi tun daga nan. Haka muka shiga, a hankali, ba ƙarar inji, yara suna gudu a gefe, ni ina riƙe da sitiyari da hannu biyu ina ƙoƙarin kada in taka kowa.

A ƙofa kakar ango tana zaune a kujera, ta haura tamanin. Kowa ita yake kallo. Ta tambayi abin da ya faru aka gaya mata. Ta ce, "Ni maza huɗu ne suka ɗauko ni a kafaɗa cikin kujerar amarya zuwa gidan nan, kuma biyansu aka yi. Wannan ta samu fiye da haka kyauta. Ku shigo da ita, abinci yana hucewa." Daga nan aka saki jiki. Uwar ango dai ba ta yi mini murmushi ba har aka tashi, amma uban ya zo teburina ya zuba mini da hannunsa. Dama ban karɓi kuɗi a wurin yayanki ba, jan ambulan ɗin da aka ba ni kuma na raba wa waɗanda suka tura.

Gong ya same ni a wajen wanke hannu. Ya ce, "Miao, ni mota nake nema, ba amalanke ba." Na ce ai a ajiye za ka sa ta. Ya ce ko a ajiye ne, duk garin ya ga wannan. Ya fasa.

Taraktan ƙauyen ce ta jawo mu gida da yamma, da furannin da komai. Tsoho Tan ya duba ya ce famfon mai ne ya ƙone, ba ya ba da sanarwa, ko sabuwa yana iya yi mata. Ya ce daga yau in riƙa yawo da guda a but. Na kwana uku ina tunanin yadda zan rubuta miki cewa na kasa riƙe ta kuma na kasa sayar da ita. Sai ga wasiƙarki. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, sannan na shiga motar na zauna na sake karantawa.

An gyara ta. Na yi zaton labarin zai kore mini mutane. Gida biyu sun janye, sauran suna nan, kuma ranakun kafin Sabuwar Shekara sun fara cika. Na gaya wa mai rumfar ya ɗan jira ni, don ban san ra'ayinki ba. Wannan karon ki rubuta shi dalla-dalla yadda ko ni zan gane.

Dehai


Hokkaido, 3 ga Nuwamba

Baban Panpan,

Ina gaishe ka da Mama da Panpan. Yatsan ya warke, tabo ne kawai. Ƙanƙarar farko ta sauka shekaranjiya, kifi ya ragu, yanzu muna tashi da sauran haske.

Na karanta wa 'yan ɗakinmu labarin bikin, na tsallake wurin da ka zauna a mota ka sake karanta wasiƙata. Chunni jininmu ce, ban yi mamaki ba. Ka kai wa kakar angon nan kwandon tuffa daga gare ni.

Ga ra'ayina dalla-dalla. Motar ta zauna. Duk bikin da ka yi, ka ware kashi ɗaya cikin uku ka ɗauka ba naka ba ne, na Tsoho Tan ne, ko ta lalace ko ba ta lalace ba. Ana jibi biki ka kai masa ita ya saurare ta. Kada ka karɓi ƙauyukan kan dutse komai kuɗin. Ranar da ya ce maka babban abu ya taso, injin ko abin da ya kai shi, mu zauna mu biyu mu yanke, ba kai kaɗai da kwat ɗin aro ba. Rumfar ma ka kama ta. Abin da zan tara daga nan zuwa bazara zai ishe ta. Motar tana da ranakun da za ta ci mu, taliya kuwa kullum ana cinta. Kuma ka raba Mama da wayar nan kafin ta kore mana rabin gunduma.

An ba mu ranar tafiya. Jirginmu zai sauka Qingdao ranar tara ga Afrilu. Kamfanin da ya kawo mu zai turo bas, amma na gaya musu kada su lissafa da ni, kai za ka zo ka ɗauke ni a motar. Yaya Hong ta roƙi a rage mata hanya zuwa Haiyang, na ce sai in ta yarda ta zauna a gaba kusa da direba. Kada ka sa fure, kada ka gayyaci kowa. Ni a baya zan zauna, in cire takalmi, in miƙe ƙafa. Ka bi ta cikin kasuwa, kuma ka tuƙa a hankali.

Matarka,
Yuzhen